Bin Sawun Manomi a Takardun Hukuma: Rayuwar Anthony Johnson a Virginia da Maryland, 1621 zuwa 1670

Anthony Johnson manomi ne ɗan asalin Afirka da ya rayu a ƙarni na 17 a yankunan da Ingila ta mallaka a gabashin Amurka. Bai bar wasiƙa ko wani rubutu na hannunsa ba, amma yana cikin ƙananan manoman wancan zamani da aka fi sanin tarihinsu, kuma shi ne kakan wani dangi na baƙaƙen fata 'yantattu da ya bazu a Virginia da Maryland da Delaware. Duk abin da aka sani a kansa ya fito ne daga takardun da wasu suka rubuta domin buƙatun hukuma: ƙidayar jama'a, rajistar filaye, al'amuran haraji da kundin shari'un kotun gunduma. Wannan maƙala ta bi takardun bisa jerin shekarunsu, tana duba abin da kowace ta faɗa da kuma hujjar da ake ɗaure ta da wadda ta gabace ta.

Ƙidayar 1625

Turawan Ingila sun kafa Jamestown a 1607, kuma tun daga gwajin da John Rolfe ya fara a 1612 taba ta zama abin da zaman nasu ya dogara a kai. Noman taba aiki ne mai cin hannu, ƙasa kuwa tana da yawa fiye da masu nomanta. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka ƙetaro teku a shekarun farko barori ne masu wa'adi, waɗanda wani ya biya musu kuɗin jirgi su kuma suka yi masa aikin wasu shekaru. A 1619 aka sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a Point Comfort, bayan an ƙwace su a teku daga wani jirgin bayi na Fotugal da ya taso daga Luwanda ta ƙasar Angola.

A 1624 Sarkin Ingila ya karɓe mulkin Virginia daga hannun kamfanin da ya kafa ta, kuma a farkon 1625 aka bi gida-gida aka ƙirga mutane da hatsi da makamai da dabbobi. An sami mutane kimanin 1,200, daga cikinsu 23 'yan Afirka ne. A jerin barorin gandun Edward Bennett, wanda ke kudancin kogin James, an rubuta wani baƙar fata mai suna Antonio da ya zo a jirgin James a 1621, da wata mace mai suna Mary da ta zo a jirgin Margaret and John a 1622. Iyakar abin da takardar ta faɗa ke nan. Ba ta ba su sunan mahaifi ko na dangi ba, ba ta faɗi shekarunsu ba, alhali ta faɗi na barori Turawa da yawa. Kalmar da aka yi wa jerin take da ita ta haɗa mai wa'adi da wanda ba shi da ranar fita, don haka ba a iya gane matsayin Antonio daga gare ta.

Akwai abu ɗaya da ake iya cirowa ta hanyar lissafi. Ranar 22 ga Maris, 1622, mayaƙan Powhatan, 'yan asalin ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Opechancanough, sun kai farmaki a kan gandayen da ke bakin kogin suka kashe mutum 347, sama da 50 daga cikinsu a gandun Bennett. Mutumin da ya sauka a 1621 kuma aka ƙirga shi da rai a 1625 ya tsira daga wannan rana. Inda yake a lokacin farmakin kuwa, takardar ba ta ce komai ba, kuma masu ba da labarin yadda ya ɓuya ko ya yi faɗa ƙari suke yi daga kansu.

Giɓin shekara ashirin

Daga 1625 sawun ya ɓace. Sai a 1647 kundin kotun gundumar Northampton, a ɗaya gefen mashigin tekun Chesapeake, ya nuna wani Anthony Johnson ya sayi ɗan maraƙi. Wannan mutum yana da sunan dangi, yana saye da sayarwa da sunan kansa, yana da mata mai suna Mary da 'ya'ya. Tambayar da duk binciken ya rataya a kanta ita ce ko shi ne Antonio na gandun Bennett.

Babu takarda guda da ta faɗi haka kai tsaye. Masana tarihi, musamman T. H. Breen da Stephen Innes a littafinsu Myne Owne Ground na 1980, sun haɗa mutanen biyu ne da hujjoji da suka taru suka ƙarfafi juna. Sunan miji ya dace, sunan mata ya dace. A 1653 kotun Northampton da kanta ta rubuta cewa Anthony da Mary sun haura shekara talatin suna zaune a Virginia, wanda ya mayar da zuwansu daidai 1621 da 1622. Ga kuma ƙarancin waɗanda za a iya rikita su da su: wata ƙasida da aka buga a Landan a 1649 ta ƙiyasta baƙaƙen fata 300 a cikin Turawa 15,000, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin ɗari ukun suka riski shekarun 1620. Da wuya a sami wani Anthony da wata Mary na dabam da suka cika duk waɗannan sharuɗɗa. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ya dace a karɓe ta, muddin an kira ta da sunanta na hasashe mai madogara.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne ɗaukar kowane Anthony a matsayin Johnson. A 1645 wani mai ba da shaida ya gaya wa kotu yadda wani baƙar fata mai suna Anthony da Kyaftin Philip Taylor suka raba gonar masara, Anthony ya nuna farin cikinsa da sanin iyakar gonarsa. Daga wannan magana Breen da Innes suka ɗauko sunan littafinsu. Sai dai magatakarda bai rubuta sunan dangi ba, kuma a yankin akwai wani baƙar fata 'yantacce mai suna Anthony Longo. Shaidar ta isa ta nuna irin zaman da ake yi a lokacin, amma ba ta kai takardar ɗan maraƙi ƙarfi ba wajen gina tarihin mutum ɗaya.

Takardar 'yancin Johnson ba ta cikin abin da ya tsira. Yadda wasu maƙwabtansa suka fita daga bauta ya bayyana a kundin: Francis Payne, alal misali, ya fanshi kansa da iyalinsa da tabar da ya noma bisa yarjejeniya da masu shi, tsarin da ya yi kama da murgu da fansar kai a ƙasar Hausa ta dā. Wannan ya nuna hanyar da ke buɗe a yankin, amma bai halatta a ɗora labarin Payne a kan Johnson ba.

Eka 250 a Pungoteague

Ranar 24 ga Yuli, 1651, aka ba Anthony Johnson takardar mallakar fili mai eka 250, wato kimanin hekta 100, a yankin Pungoteague. Fahimtar wannan takarda tana buƙatar sanin yadda ake rabon ƙasa. Tun 1618 doka ta tanadi eka 50 ga duk wanda ya biya kuɗin shigo da mutum ɗaya. Mai nema zai kai sunaye kotun gunduma a ba shi shaida, a auna masa fili, sannan ofishin sakataren mulki ya fitar da takardar mallaka. Sharaɗi ne ya gina ko ya noma wurin cikin shekara uku, ya kuma riƙa biyan sule biyu a shekara a kan kowace eka ɗari. Johnson ya gabatar da sunaye biyar, biyar sau hamsin ya ba shi 250.

Daga nan ne wasu rubuce-rubuce suka yanke cewa yana da barori biyar a gonarsa. Takardar ba ta kai nan ba. Wannan haƙƙi na eka hamsin a kan kowane kai haja ce da ake saya a sayar, matuƙan jiragen ruwa da 'yan kasuwa suna cinikinsa, kuma akan yi amfani da suna ɗaya fiye da sau ɗaya. Ɗaya daga cikin sunayen biyar ɗin ma Richard Johnson ne, wanda ya yi daidai da sunan ɗansa. Abin da takardar ta tabbatar shi ne cewa a 1651 Johnson yana da dukiyar da za ta samar masa da haƙƙin kai biyar, kuma ya san hanyar bi a kotu da ofis har fili ya zama nasa. Ɗansa John ya sami fili da ya fi na mahaifin girma a 1652, Richard kuma ya sami eka 100 a 1654, duk a kusa da juna.

Abin da ake yi a gonar yana fitowa ne jefi-jefi daga shari'u da takardun bashi. Taba ita ce kuɗi: da nauyinta ake biyan haraji da tara da bashi. Masara ce abinci. Shanu da aladu kuwa sakinsu ake yi a daji, gona ake shingewa, shi ya sa kowane mai dabba yake da tsagar kunne tasa da yake rajistarta a kotu. Ga mai binciken asali wannan rajista tana da amfani ƙwarai, domin takan ambaci uba da ɗa, kuma takan kama talakan da bai taɓa mallakar ƙasa ba.

Gobara da haraji

A watan Fabrairun 1653 Anthony da Mary suka kai kuka kotu cewa gobara ta cinye musu dukiya. Wasu littattafai suna sa wannan a 1652, kuma saɓanin yana da dalili. Har zuwa 1752 shekarar hukuma a Ingila da ƙasashen da take mulka tana farawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka abin da magatakarda ya rubuta a Fabrairun 1652 ya faɗo a 1653 bisa lissafin yau. Wanda bai kula da wannan ba zai iya ganin kamar an yanke hukunci kafin a shigar da ƙara. Ƙidayar 1625 ma wani lokaci akan kira ta ta 1624 saboda wannan dalili.

Kotu ta yafe wa Mary da 'ya'yanta mata biyu haraji har iyakar rayuwarsu. Nauyin wannan hukunci yana ga wata doka ta 1643, wadda ta sa mata baƙaƙen fata cikin masu biyan harajin kai tamkar maza ma'aikatan gona, ta bar mata Turawa a waje. Gidan baƙar fata 'yantacce yana biyan abin da gidan Bature mai irin yawansa ba ya biya. Yafewar ta daidaita matan gidan Johnson da matan maƙwabtansu, amma a matsayin alfarma ga iyali ɗaya da aka san su da daɗewa da ƙwazo. Dokar tana nan yadda take ga sauran.

Shari'ar John Casor

Babu takardar da ta fi wannan yawo a bakin mutane, kuma babu wadda aka fi karkatarwa. A 1654 Kyaftin Samuel Goldsmith ya je gidan Johnson karɓar taba, sai wani baƙar fata mai suna John Casor da ke aiki a gidan ya kai masa kuka. Ya ce shi bara ne mai wa'adin shekara bakwai ko takwas, wa'adin ya cika tuntuni, Johnson ya ƙi sakinsa. Johnson ya ce bai taɓa ganin wata takardar wa'adi ba, Casor nasa ne har mutuwa. Maƙwabta biyu Turawa, Robert Parker da George Parker, suka goyi bayan Casor. Iyalin Johnson suka tsorata da abin da rigimar za ta jawo wa dukiyarsu, suka lallashe shi ya sake shi, Casor ya koma aiki wurin Robert Parker. Daga baya Johnson ya sake shawara ya kai Parker ƙara. Ranar 8 ga Maris, 1655, kotun Northampton ta ce Parker yana riƙe da Casor ba bisa ƙa'ida ba, ta umarci a mayar da shi ga Johnson, Parker ya biya kuɗin shari'a.

A kan wannan hukunci ake cewa wai Johnson ne mutum na farko da ya mallaki bawa a Amurka. Takardu sun ƙaryata haka. A 1640 babbar kotun Virginia ta yanke wa wani baƙar fata mai suna John Punch bauta har mutuwa saboda ya gudu daga ubangidansa Bature, alhali Turawa biyu da suka gudu tare da shi ƙarin shekaru kawai aka yi musu. Massachusetts ta shigar da bauta cikin dokokinta a 1641. Takardun gado na shekarun 1640 a Virginia suna nuna 'yan Afirka da aka yi wa kuɗi fiye da barori Turawa ba tare da an rubuta ragowar wa'adinsu ba, alamar cewa babu wa'adin. Kotun 1655 ta tarar da al'adar a ƙasa ne ta yi aiki da ita.

Haka kuma bai kamata a wanke Johnson ba. Ya riƙe ɗan'uwansa ɗan Afirka a bauta, ya je kotu don tabbatar da hakan, ya kuma yi nasara a kan Bature. Muryar Casor kuwa ta iso ne ta bakin Goldsmith da alƙalamin magatakarda, kuma rashin takarda a hannunsa shi ya kayar da shi. Mai binciken da ya tarar da irin wannan a tarihin kakansa wajibi ne ya rubuta shi yadda ya same shi.

Ƙaura zuwa Maryland

A 1663 aka raba Northampton gida biyu, Pungoteague ta faɗa sabuwar gundumar Accomack. Johnson bai motsa ba, amma takardunsa sun koma wani ɗakin kotu, kuma mai neman sa a kundi ɗaya zai zaci ya mutu ko ya tashi. Tashin na gaskiya ya zo a 1665, lokacin da shi da Mary suka sayar da eka 200, suka bar wa Richard 50, suka yi arewa zuwa yankin da ya zama gundumar Somerset ta Maryland a 1666. Sunayensu da na Casor sun fito a jerin mutanen da Randall Revell da Ann Toft suka nemi fili da su a can. Ga mutumin da ya haura shekara arba'in a Amurka an rubuta shi a matsayin wanda aka shigo da shi, abin da ya isa gargaɗi ga duk mai ɗaukar irin wannan jeri a matsayin ranar ƙetaro teku.

Akan danganta ƙaurar da tsanantar dokoki a Virginia, inda a 1662 aka zartar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, a 1667 kuma aka ce shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. Bayanin yana da daɗin ji, amma Maryland ta riga ta yi tata dokar bauta har mutuwa a 1664. Taba tana gajiyar da ƙasa cikin 'yan shekaru, kuma maƙwabta Turawa da yawa sun yi wannan tafiya a daidai lokacin don neman sabon fili. Takardun sun fi goyon bayan wannan dalili na biyu, ko da yake ba su hana na farkon ba.

A Somerset Johnson ya karɓi hayar eka 300 daga Stephen Horsey, wurin da aka yi wa suna Tonies Vineyard. Mai mallakar ƙasa ya zama ɗan haya. Mutuwarsa a 1670 an gano ta ne daga takardu biyu da suka biyo bayanta. A Maryland Mary ta sabunta hayar da sunanta na tsawon shekara 99. A Virginia kuma, cikin watan Agusta, wani kwamitin mutanen gari da aka rantsar ya duba eka hamsin ɗin da aka bar wa Richard, ya yanke cewa tunda Anthony baƙar fata ne to baƙo ne a ƙasar, don haka filin ya koma hannun Sarki. Shekara goma sha tara kafin nan hukumar ce ta ba shi takardar filin ba tare da ta tayar da wannan magana ba. Idan aka jera takardar 1651 da ta 1670 ana ganin yadda matsayin baƙar fata 'yantacce ya ragu a cikin rayuwar mutum ɗaya.

A 1672 Mary ta rubuta wa jikokinta uku kyautar saniya da ɗan maraƙi kowannensu, kuma a shekarar Casor ya yi rajistar tsagar kunnen dabbobinsa, wato yana tare da iyalin kuma yana da abin kansa. A 1677 wani jika, John Johnson ƙarami, ya sami eka 44 ya raɗa wa wurin suna Angola. Wannan suna shi ne babbar madogarar masu cewa daga can Anthony ya fito. Ya dace da sunan Antonio irin na Fotugal, ya kuma dace da inda yawancin 'yan Afirkan farko a Virginia suka taso.

Abin da ya tsira da abin da ya ƙone

Shaharar Johnson tana da nasaba da sa'ar wurin da ya zauna. Kundin kotun Northampton da ke garin Eastville ya faro daga 1632 bai yanke ba, kuma shi ne mafi daɗewa irinsa a Amurka. Gundumomi da yawa na Virginia sun rasa nasu. A lokacin yaƙin basasar Amurka wasu sun aika da takardunsu Richmond don a tsare su, sai gobarar watan Afrilun 1865 ta cinye su tare da mafi yawan kundin babbar kotu. Manomi irin Johnson da ya zauna a ɗaya daga cikin waɗannan gundumomi zai iya ɓacewa ƙurmus, sai dai ko takardar filinsa, domin littattafan ofishin ƙasa sun tsira, suna ɗakin karatu na jihar Virginia a Richmond, kuma Nell Marion Nugent ta fara buga taƙaitawarsu a 1934. Taƙaitawa jagora ce kawai zuwa ga asalin shafi, domin magatakardan ƙarni na 17 suna rubuta suna ne yadda kunnensu ya ji, kuma sunan Casor kansa ya zo da siffofi dabam-dabam.

Bayan jikoki sawun yana ƙara dusashewa. Paul Heinegg, wanda ya bi iyalan baƙaƙen fata 'yantattu a kundin kotuna, ya nuna wasu daga zuriyar sun koma gundumar Sussex ta Delaware. Sunayen Anthony da John da Richard suna ta maimaituwa a cikin dangin, ƙasar da ke hannunsu tana raguwa, kuma wanda ba shi da ƙasa ba ya yawan shiga takarda. Ƙidayar tarayyar Amurka ta farko, ta 1790, sunan maigida kaɗai take ɗauka, sai a 1850 aka fara rubuta kowane ɗa mai 'yanci da sunansa. Duk mai da'awar cewa shi jinin Anthony Johnson ne a yau sai ya kawo takardar da ta ɗaure kowane ɗa da mahaifinsa a tsawon waɗannan shekaru. Sunan dangi kaɗai ba ya zama hujja, domin Johnson shi ne na biyu a yawa a Amurka bayan Smith.